Daga Burmi zuwa Ofishin Jinsiyya: Yadda Hausawan Sudan Suka Koyi Zama 'Yan Ƙasa

Duk wanda ya yi makarantar elementare a Sudan daga shekarun 1940 har zuwa bayan samun 'yancin kai yana da abokai tara waɗanda bai taɓa sa su a ido ba. Littafin labarin ƙasa ne ya haɗa su, mai suna Subul Kasbil Aishi fis Sudan, wanda malaman kwalejin horon malamai ta Bakhtar Ruda suka tsara. Malam yana tsaye gaban allo zai kwashi 'yan aji su yi tafiya a zuci, yau a jirgin ƙasa, gobe a kan raƙumi. Su sauka gidan su Siddiƙ a Gulid, can arewa cikin dabino. Su wuce Babanusa wurin Muhammadul Fadl da shanunsa, su gangara kudu har Yambiyo wurin Mangu, su ɓulla gaɓar Bahar Maliya wurin Haj Tahir. A Jazira kuwa mai masaukinsu yana ƙauyen Wad Sulfab, inda ake noman auduga da ruwan dam.

Dabarar ta yi kyau, kuma har gobe dattawan Sudan na tuna littafin da ƙauna. Ta nan yaro ke gane cewa ƙasarsa faɗi gare ta, mutanenta iri-iri ne, kuma dukansu nasa ne. Sai dai a cikin taran nan babu Bahaushe, babu Bafillace, babu Babarbare, alhali a daidai lokacin hannuwan da ke cirar ciyawa da tsintar auduga a gonakin Jazira da yawansu na mutanen Afirka ta Yamma ne. Yaron Wad Sulfab yana ganin su kullum a bakin magudanar ruwa. Littafin da ya kai shi har Yambiyo bai tsallaka da shi wannan magudana ba.

Hanyar da ta kawo waɗannan mutane ta girme wa zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Tun zamanin daular Funj ta Sinnar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, mutanen ƙasar Hausa da Borno da Futa ke keta Wadai da Darfur da Kurdufan da niyyar sauke farali. Matafiyin nan Burckhardt, da ya bi ta Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya gamu da su, ya rubuta yadda suke tafe a ƙasa, masu ilimin cikinsu suna rubuta laya don su sami guzuri. Wasu sun isa Makka sun dawo. Wasu guzuri ya ƙare, suka yi noman damina ɗaya, ta zama biyu, aka yi aure, aka haihu. A Gallabat, kan iyakar Habasha, har gari suka kafa da shugabanninsu. Mutanen ƙasar suka riƙa kiran su Takari, daga baya sunan Fallata ya game kowa, ko Hausa yake ji ko Fulatanci ko Barbarci. Da Mahadi ya bayyana a Sudan a 1881, labarinsa ya isa har Adamawa, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, kuma mutanen yamma da dama sun yi yaƙi ƙarƙashin tutarsa.

Babbar ƙaura ita ce ta 1903. A watan Maris Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fita hijira ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da kasuwanni suna bin sa. A Burmi aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, cikinsu har da Sarkin Misau Ahmadu. Wajen 1906 suka sauka ƙauyen Shaihu Talha a bakin Shuɗin Nilu, wurin zuriyar wani malami Bafillace da ya riga su zuwa. Daga nan suka haye kogi suka sari sabon gari kudu kaɗan da Sinnar. Garin ya ci sunan mai shi, Mai Wurno, kuma yana nan har yau da sarautarsa.

Sun guje wa Bature a Sakkwato, sun iske shi a Sinnar. Da farko gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar ta yi ɗari-ɗari da su, don tsoron kada wutar Mahadiyya ta sake tashi. Amma ƙasar ta fito daga yaƙi da yunwa da annoba, mutane sun yi ƙaranci, ga kuma babban aiki a gaba. Aka bar Mai Wurno da sarautarsa, aka ba shi ƙasa, mutanensa suka bazu suna kafa ƙauyuka a gaɓar Shuɗin Nilu da Dindir da Rahad, suna noman bakin kogi da kamun kifi.

Aikin kuwa shi ne dam ɗin Sinnar, wanda aka gama a 1925, da gandun audugar Jazira da ya biyo baya. Tsarin na mutum uku ne: gwamnati ke da ruwa, kamfanin Turawa ke da jari da kasuwa, manomi kuma a yanka masa gona, wadda ake kira hawasha, ya noma auduga a raba riba. Aka mayar da gandun hannun hukumar gwamnati a 1950, aka faɗaɗa shi da yankin Manaƙil, har ya kai fadan (awon gona na Sudan) miliyan biyu. Auduga ita ta riƙe baitulmalin Sudan shekara da shekaru. Mai hawasha shi kaɗai da iyalinsa ba za su iya tsince ta ba, sai da 'yan ƙwadago, kuma mahajjacin da ya taso daga Kano ta Maiduguri da Abeshe da Jinaina, ya hau jirgin ƙasa a Ubayyid, ya iso Jazira aljihu ba komai, shi ne ma'aikacin da aka fi samu. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, manoma da yawa suka watsar da gonakinsu, kamfani ya ba mutanen yamma, suka riƙe su har kasuwa ta farfaɗo. Da ta farfaɗo sai aka fara tambayar da wane dalili baƙo zai riƙe hawasha. Yawancinsu suka koma ƙwadago da noman raba-daidai, suna zaune a ƙauyukansu ko a sansanonin leburori da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa, kan filin da ba su da takardarsa.

A nan ne doka ta shigo, kuma ita ce darasin zama ɗan ƙasa na farko da waɗannan mutane suka haddace, tun kafin wani malamin makaranta ya tsaya gabansu. A 1942 Ƙungiyar Masu Ilimin Zamani ta Sudan, uwar jam'iyyun neman 'yanci, ta miƙa wa Gwamna takardar buƙatu. A ciki akwai neman a yi dokar da za ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da neman a taƙaita shigowar baƙi. Dokar ta fito a 1948. Ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi, ko kakanninsa ta wajen uba, ke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897, wato kafin rundunar Ingila da Masar ƙarƙashin Kitchener ta ci Umdurman a 1898. Da aka sami 'yanci, dokar jinsiyya ta 1957 ta riƙe wannan rana yadda take.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Jama'ar Mai Wurno sun iso bayan wannan rana da shekara takwas ko tara. Wanda aka haifa a garin a 1910, ya yi dakon dutse a dam yana saurayi, ya binne iyayensa a nan, ya kai shekara 47 a 1957, a idon doka bai cika ɗan ƙasa na asali ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi jinsiyya irin ta baƙo, da sharaɗin zaman shekara goma da sanin Larabci, kuma bayarwa ko hanawa na hannun hukuma. A shekarun 1970 aka matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1924. Wannan ya shigar da mutanen hijirar Attahiru, amma ya bar ɗimbin waɗanda audugar Jazira ta tsayar, tunda gandun bai buɗe ba sai shekara guda bayan haka. Sai a dokar 1994 aka mayar da ranar 1 ga Janairu 1956, ranar 'yancin kai. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ƙara da cewa duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa.

Rubutun doka daban, abin da ake tararwa a gaban tebur daban. Mai neman jinsiyya sai ya kawo shaidu daga dangin uba, ya faɗi ƙabilarsa, sau da yawa ya kawo takardar umda ko shaihun unguwa. Wanda ya ambaci ɗaya daga manyan ƙabilun bakin Nilu, magana ta ƙare. Wanda ya ce Hausa ko Fallata ko Barno, sai a tura shi sashen bincike, a ce ya kawo hujjar inda aka haifi kakansa, mutumin da ya zo duniya a bukka ba likita ba magatakarda. Ba jinsiyya, ba aikin gwamnati, ba fasfo, hawasha ma sai da wahala. Yara suna ganin yadda iyayensu ke dawowa daga ofis, suka koyi abin da za su koya. Wasu suka daina Hausa a waje, wasu suka jingina kansu da wata ƙabila. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya rubuta littafi guda a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke rusunawa gaban Larabci, bayan wanda ya yi kan Fulatanci a 1986.

Gaskiya ɗaya ce, nisan da ke tsakanin ƙauyukan nan da makarantar gwamnati ba hukuma kaɗai ta haƙa shi ba. Mutanen da suka bar gidajensu don kada su zauna ƙarƙashin Nasara ba za su yi saurin miƙa masa 'ya'yansu ba. Makarantar allo, wadda a Sudan ake kira halwa, ita ce makaranta, boko kuwa abin zargi ne. Masanin halayyar al'umma Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan ƙauyukan Jazira ya fitar da littafinsa a 1995, ya iske jikoki da tattaɓa kunne waɗanda aka haifa a Sudan, ba su taɓa ganin Najeriya ba, ba su kuma isa Makka ba, amma suna kiran kansu mahajjata da ke kan hanya. Wasu ba sa son gina gida mai ƙarko, don kada ya zama sun fasa niyya. Akwai daraja a wannan riƙo, kuma shi ya tsare musu addini da harshe da zumunci. Amma ya ja musu asara mai yawa. Wanda ke cewa gobe zai wuce ba ya neman takardar fili, ba ya kai ɗansa a rubuta sunansa a aji, kuma da aka zo rabon muƙamai bayan tafiyar Turawa, ba su da masu takardar da za su zauna a teburin. Maƙwabta kuma suka riƙe maganar, suka ce ai da bakinsu suka faɗa, su masu wucewa ne.

Duk da haka halwa ta koyar da wani abu da ya kamata masu tsara manhaja su tsaya su duba. Almajirin Mai Wurno ko na ƙauyen Jazira ya tashi da taswirar duniya a ka: ya san Sakkwato da Kano ta bakin kakarsa, ya san Abeshe da Fashir zango-zango, yana da kawu a Bur Sudan, yana da gwaggo a Makka ko Jidda. Ya san haƙƙin baƙo da na maƙwabci, ya san ana iya zama ɗan'uwan mutum ba tare da an haɗa harshe ba. Yana jin harshe biyu ko uku tun bai balaga ba. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda hukuma ke aiki, da abin da doka ta ba shi, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa in an hana shi.

Zumuncin ilimi tsakanin ƙasashen biyu kuwa bai taɓa yankewa ba. A 1934, shekarar da aka buɗe Bakhtar Ruda, malamai 'yan Sudan ne suka zo Kano suka fara koyarwa a makarantar shari'a wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A tsakiyar shekarun 1950 ɗalibai daga Arewa, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, sun yi karatu a Bakhtar Ruda ɗin kanta. Bahaushen da ya zo da fasfo ana karɓar sa hannu bibbiyu, a ce ɗan'uwa ne daga Najeriya. Wanda aka haifa a bakin magudanar Jazira shi ne ake tambaya daga ina ya fito.

A waƙa ma sun ba ƙasar abin da take taƙama da shi. A'ishatul Fallatiyya, wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Sakkwato, ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, ta kuma zagaya sansanonin sojan Sudan a Yaƙin Duniya na Biyu tana ƙarfafa musu gwiwa. Ta rasu a 1974. Agashe, tsiren da Hausawa suka kawo, yau babu birnin Sudan da ba a cin sa da yamma.

'Yan siyasa sun daɗe da gane amfanin waɗannan mutane. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, ya tara dubban mutanen yamma a gonakinsa na tsibirin Aba, kuma jam'iyyar Umma ta ci moriyar ƙaunarsu ga gidan Mahadi. Gwamnatin Umar al-Bashir, da ta zo a 1989 da kirarin cewa Musulunci ne ke haɗa 'yan ƙasa, ta sassauta bayar da jinsiyya, Hausawa da Fulani da yawa suka samu, 'ya'yansu suka shiga jami'a da aikin soja da na 'yan sanda. Amma abin da aka ba mutum don a sami goyon bayansa, yana iya zama abin gori gobe. A 2008 wata jaridar Khartum ta buga magana da ta jingina wa Bashir, mai nuna cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Fadar shugaban ta musanta, amma kafin nan Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala, an yi arangama da jami'an tsaro, an rasa rayuka.

Akwai kuma wani ma'auni na zama ɗan ƙasa wanda ba ya cikin dokar jinsiyya, kuma a karkara ya fi ta ƙarfi. Tun shekarun 1920 Turawa suka tsara mulkin gargajiya bisa cewa kowace ƙabila tana da dar, wato ƙasarta ta gado, da nazir ko mak da ke riƙe da ita. Wanda ba shi da dar baƙo ne, ko da ya shekara ɗari, kuma ta hannun mai ƙasa zai sami gona ko ya kai ƙara. Shugaba Numairi ya rushe tsarin a farkon shekarun 1970, gwamnatocin baya suka dawo da shi, kowace tana naɗa wanda take so. Ta haka mutum zai riƙe jinsiyya da lambar ɗan ƙasa a aljihu, amma a ƙauyen da aka haife shi a ce masa ci-rani ya zo.

Wannan ne ya fashe a jihar Shuɗin Nilu a 2022. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoba 2020, wadda ta dawo da Malik Agar, madugun 'yan tawayen jihar, da mutanensa cikin gwamnati, Hausawan jihar suka nemi a ba su masarauta tasu a cikin tsarin gargajiya. Sarakunan Funj da Hamaj da Barta suka ƙi, suka ce sarauta tana tafiya da ƙasa, ƙasa kuwa tasu ce. A watan Yuli kisan wani manomi a yankin Ƙaisan ya zama sanadi, wuta ta kama har Rusairis da kewayenta, aka kashe fiye da mutum 100 cikin 'yan kwanaki. Hausawa suka fito a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Ubayyid da Khartum, a Kasala har aka ƙona ofisoshin gwamnati. A Oktoba rikicin ya dawo a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da mutum 350 da suka mutu daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba, da kimanin 97,000 da suka bar gidajensu, daga kowane ɓangare.

Ba adalci ba ne a ba da labarin nan kamar maƙwabtan Hausawa ba su da nasu ciwon. Mutanen Shuɗin Nilu sun ga manyan gonakin inji sun cinye dazukansu, an ba attajiran birni. Sun ga dam ɗin Rusairis, wanda aka gama a 1966 aka ƙara masa tsawo a 2013, ya haɗiye ƙauyuka, wutar lantarkinsa ta wuce Khartum. Sun sha yaƙi daga 2011. Wasu daga wuraren da aka fi zubar da jini a Wad al-Mahi garuruwan da aka sake tsugunar da waɗanda ruwan dam ya tasa ne, masu lamba a maimakon suna, inda aka zuba mutane daban-daban a kan ƙasar da ba ta ishe su ba. Talakawa ne suka kashe talakawa. Kuma samarin da suka ɗauki makami, ta kowane gefe, da yawansu sun zauna a aji. Sun fito ba su san yadda maƙwabcinsu ya zo wurin ba, ba su san abin da tsarin mulki ya ce game da shi ba. Abin da makaranta ta bari fanko, saƙonnin Facebook da WhatsApp suka cike shi, da tsofaffin hotuna da ƙagaggun labarai da kiran a kori baƙi.

An sami damar gyara, ta kuɓuce. Manhajar Sudan ta sha juyi: Numairi ya sauya tsarin makarantu a 1970, gwamnatin Bashir ta sake sauya shi a farkon shekarun 1990 ta cika littattafai da aƙidarta. Bayan juyin juya halin 2019, wanda matasansa suka yi ta rera taken ƙin wariyar ƙabila a titi, aka naɗa Dokta Umar al-Ƙarrai shugaban cibiyar tsara manhaja don a sake littattafan. Sai gardama ta tsaya kan hoto guda, zanen Michelangelo da aka sa a littafin tarihi na aji shida. Malamai suka yi ca a kan mumbari, Firayim Minista Abdalla Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar a Janairu 2021, Ƙarrai ya ajiye aiki. Ƙasa ta yi makonni tana muhawara kan zanen wani Bature na ƙarni na 16, tambayar ko yaron kambo zai ga kakansa a littafin tarihi ba ta sami irin wannan kulawa ba. Shekara ɗaya da rabi bayan haka aka yi ta'asar Rusairis.

A duniya kuwa maganar da ake yi ke nan. Tun 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tarbiyyar zama ɗan duniya cikin manyan manufofinta na ilimi, aka shigar da ita cikin muradun ci gaba na 2015, kuma a 2023 ƙasashen UNESCO suka sabunta shawararsu ta 1974 kan ilimin zaman lafiya da haƙƙin ɗan Adam. Manufar ita ce yaro ya san duniya a haɗe take, ya girmama wanda ba irinsa ba, ya iya tantance labarin da ya gani a waya. Abu ne mai kyau, amma a ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu sai an juya shi. Yaron da ke sauraron sashen Hausa na BBC, yana kallon finafinan Kano a waya, yana gaisawa da dangi a Jidda da Injamena, ba sanin faɗin duniya ya rasa ba. Ya rasa wanda zai tabbatar masa, a gaban 'yan ajinsu, cewa nan ɗin da yake zaune nasa ne. Ɗan maƙwabcinsa kuma yana buƙatar ya ji cewa zuwa daga wani wuri ba laifi ba ne, tunda ƙabilun Sudan da dama su ma suna alfahari da kakannin da suka ƙetaro daga Hijaz ko Masar ko Magrib.

Darasin da zai yi aiki a nan ba mai tsada ba ne. A koya wa yara ranakun nan uku, 1897 da 1924 da 1956, da dalilin kowace, don su ga cewa mutane ne suka zauna suka ja layin, mutane kuma suka matsar da shi. A koya musu wanda ya haƙa magudanar da ke bayan makarantarsu. A karanta musu dokar jinsiyya da Larabci mai sauƙi, a fassara ta da Hausa da Fulatanci da Barta, har yarinya ta san cewa ɗanta na iya samun jinsiyya ta wajenta. A kawo dattijon Hamaj ya faɗi yadda ruwan dam ya ci gonarsa, dattijon Hausa ya faɗi yadda kakansa ya iso, a aji ɗaya, yaran duka suna ji. Malaman halwa ma a sa su ciki, domin a ƙauyuka da yawa su ne iyaye suka yarda da su.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya mayar da komai baya. A Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojan gwamnati, sun kama Wad Madani a Disamba 2023, suka shiga jihar Sinnar a tsakiyar 2024, soja suka karɓe Madani a Janairu 2025. A cikin wannan watan aka kai hari kan mazauna Kambo Tayba a gabashin Jazira bisa zargin sun goyi bayan RSF, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26. Yawancinsu 'yan asalin yammacin Sudan ne, amma duk mazaunin kambo, ko wane harshe yake ji, ya fahimci saƙon: tsohuwar tambayar nan ta wane ne ɗan ƙasa tana nan da ranta, yanzu kuma da bindiga ake yin ta.

Ko ba daɗe ko ba jima za a sake buga littattafan makaranta a Sudan, kuma abin da aka rubuta aka ajiye shi ne zai sami shiga. Dattawan da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa, yaƙi kuma ya warwatsa takardun gidaje da na masallatai. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Bayero suna da masana tarihi da harshe, Hausawan Sudan suna da malamai da lauyoyi da 'yan jarida a Sinnar da Gadarif da Kasala da ƙasashen waje. Su haɗa hannu tun yanzu, su naɗi muryoyin dattawan Mai Wurno da na ƙauyukan Rahad da Dindir, su fitar da ɗan littafi da Larabci da Hausa wanda yaro ɗan aji biyar zai iya karantawa, su miƙa shi ga masu tsara manhaja kafin a kai sababbin littattafan maɗaba'a.